Yadda Ake Lissafin Kebul Mai Ɗauke da Nauyi a Gadar Rataye

Kebul ba ya iya komai sai ja. Ba ya tokare nauyi kamar ginshiƙi, ba ya turjiya ga lanƙwasa kamar bim, wato ƙarfe, katako ko kankaren da ake kwantarwa a kan matokara. Idan ka ɗora masa kaya, sauya siffa yake yi har sai ya sami yanayin da kowane yanki nasa ja kawai yake ji. Wannan ɗabi'a ce ta ba shi damar tsallake nisan da babu wani abin gini da ya isa ya tsallake. Gadar Akashi Kaikyo ta Japan, wadda aka buɗe a 1998, tazarar da ke tsakanin hasumiyoyinta biyu mita 1,991 ce, ta Canakkale kuma a Turkiyya, da aka buɗe a 2022, ta kai mita 2,023. Ɗabi'ar ce kuma ta sa lissafinsa ya bambanta da na sauran sassan gini. A bim, siffar na nan daram, ƙarfin da ke ciki kawai kake nema. A kebul kuwa siffa da ƙarfi a ɗaure suke da juna, in ka taɓa ɗaya ɗayan ya motsa.

Za mu bi lissafin da misalin gadar masu tafiya a ƙafa: tazara mita 80, faɗin shimfiɗa mita 1.2, kebul biyu, ɗaya a kowane gefe. Tsawo duka da mita za mu auna shi, ƙarfi kuma da kilonyutan, wanda ake taƙaitawa kN. Kilonyutan ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 100. Haruffan da za ka riƙe kaɗan ne: L ita ce tazara, f lotsawar kebul a tsakiya, w nauyin da ke kan kowace mita, H jan da ke kwance, V rabon da ke tsaye, T kuma cikakken jan da ke bin jikin kebul.

Fara da tattara nauyi

Nauyi iri biyu ne. Akwai na dindindin: shimfiɗa, ƙarafan da ke ƙarƙashinta, makarin gefe, igiyoyin rataya, da kebul ɗin kansa. Akwai kuma mai zuwa ya tafi, wato mutane da kayansu. A misalinmu mu ɗauka na dindindin ya kai kN 2 a kowace mita a kan kowane kebul. Na mutane, ƙa'idar gini ta Turai tana ɗaukar kN 5 a kan kowace murabba'in mita idan cunkoso ya cika gada. Faɗin mita 1.2 sau 5 ya ba da 6, a raba wa kebul biyu, kowanne ya ɗauki 3. Jimilla w = 5.

Ka rubuta adadin biyu daban-daban, 2 da 3, kada ka haɗe su ka manta. Nan gaba za ka ga cewa alaƙar da ke tsakaninsu ce ke nuna ko gadar za ta zauna lafiya ko za ta riƙa rawa a ƙarƙashin ƙafa.

Wace siffa kebul ɗin zai ɗauka?

Yadda nauyin ya bazu shi ke amsa wannan. Idan nauyin ya bazu daidai a kan layin kwance, kamar shimfiɗar gada da aka rataya da igiyoyi kusa-kusa, kebul zai ɗauki siffar farabola. Idan nauyin jikinsa kaɗai yake ɗauke da shi, kamar sarƙar da aka riƙe ta baki biyu, siffar sarƙa zai ɗauka, wadda masu lissafi ke kira katinari. Idan kuwa kaya ne masu nauyi aka rataya a wurare ƙidayayyu, to zai zama miƙaƙƙun yankuna masu karyewa a daidai kowane kaya.

Siffofi biyun farko sun yi kama ƙwarai, har Galileo a 1638 ya kwatanta sarƙar da ke rataye da farabola. Sai a 1691 Huygens da Leibniz da Johann Bernoulli, kowa ta hanyarsa, suka fitar da ainihin lissafin katinari. Ga mai aiki, abin tambaya shi ne girman bambancin. A tazarar mita 80 da lotsawar mita 8, farabola tana ba da H daidai da w sau 100, katinari kuma w sau 101.3. Bambancin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Don haka muddin lotsawa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin takwas na tazara ba, yi aiki da farabola hankalinka kwance. Ka koma katinari ne idan kebul ya lotsa sosai, ko lokacin da kake lissafin yadda za a rataya shi shi kaɗai kafin a ɗora shimfiɗa.

Jan kwance, H

Nan zuciyar lissafin take. Tunda duk nauyin ƙasa yake dannawa, babu abin da ke ƙara ko rage ja ta gefe tsakanin hasumiya da hasumiya. Saboda haka H ɗaya ne tun daga wannan baki har wancan. Abin da ke sauyawa V ne kawai: sifili a wurin da kebul ya fi yin ƙasa, yana ƙaruwa yayin da kake hawa zuwa hasumiya.

Domin ka samo H, yanke kebul ɗin a zuci a daidai tsakiya, ka dubi rabi guda. A wurin yankan kebul a kwance yake, don haka H ne kaɗai ke jansa, kuma yana ƙasa da kan hasumiya da mita f. Nauyin da ke kan rabin shi ne w sau L/2, yana dannawa a nisan L/4 daga hasumiya. Idan rabin ba zai juya ba, dole H × f ya yi daidai da (wL/2) × (L/4). Daga nan:

H = wL² ÷ 8f

Manyan gadoji galibi lotsawarsu tana tsakanin kashi ɗaya cikin takwas da ɗaya cikin goma sha biyu na tazara. Mu ɗauki ɗaya cikin goma, f = 8. To H = 5 × 6,400 ÷ 64 = 500. Kowace hasumiya tana ɗaukar rabin nauyi, V = 5 × 80 ÷ 2 = 200. Mafi girman ja yana kan hasumiya, inda kebul ya fi miƙewa sama:

T = √(H² + V²) = √(250,000 + 40,000) = 539

Kusurwar kebul a wurin kuma ana samunta daga V ÷ H = 0.4, wato kusan digiri 22.

Ka tsaya ka kalli f a ƙasan wannan rabawa. Duk nauyin da ke kan kebul ɗin kN 400 ne, amma jan da yake ji ya haura 500. Rage lotsawa zuwa mita 4, H ya zama 1,000. Mayar da ita mita 2, ya zama 2,000, alhali ko kilo ɗaya ba a ƙara a kan gadar ba. Duk wanda ya taɓa ɗaure igiyar shanya tamau ya san wannan: rigar da igiya mai sako-sako za ta ɗauka ba wahala, ita ce ke tumɓuke ƙusa idan an ja igiyar ta miƙe. Ido yana son kebul miƙaƙƙe domin yana ganin kamar shi ne mai ƙarfi, kuma wannan ruɗin ya fi kowane haɗari a ƙananan ayyuka, inda ma'aikata ke ƙara ɗaure kebul don su ga ya yi kyau. Ta ɗaya ɓangaren, lotsawar mita 16 za ta sauko da H zuwa 250, T zuwa 320, amma sai ka gina hasumiya mai ninkin tsayi, kuma gadar za ta fi saurin sauya siffa. Zaɓen f ciniki ne tsakanin kaurin kebul da girman turken da ake ɗaure bakinsa a ƙasa a gefe guda, tsayin hasumiya a ɗaya gefen.

Idan kaya a wurare ƙidayayyu suke

Akwai ƙa'ida guda da nake ganin ta fi duk sauran amfani, domin tana aiki da kowane irin nauyi mai danna ƙasa. Ja miƙaƙƙen layi daga bakin kebul zuwa bakinsa. Sai ka ɗauka bim ne mai wannan tazara, zaune a kan matokara biyu, ɗauke da wannan kaya, ka lissafa ƙarfin lanƙwasa M da zai ji a kowane wuri. To a kowane wuri:

H × nisan kebul ƙasa da layin = M

Wato siffar kebul ita ce zanen M na bim, an raba shi da H.

Gwada da kebul mai tazarar mita 30, an rataya kN 60 a mita 10 daga hagu, kN 30 a mita 20. Matokarin hagu yana ɗaukar (60 × 20 + 30 × 10) ÷ 30 = 50, na dama 40. M a ƙarƙashin kayan farko 50 × 10 = 500, a ƙarƙashin na biyu 40 × 10 = 400. Idan an auna lotsawa a kayan farko aka sami mita 2.5, to H = 500 ÷ 2.5 = 200, lotsawa a na biyu kuma 400 ÷ 200, mita 2. Jan kowane yanki sai ka haɗa H da V na yankin: na hagu √(200² + 50²) = 206, na tsakiya da V ɗinsa 10 ne kawai ya tsaya a kusan 200, na dama 204. Lura cewa sai da aka ba ka lotsawar wuri ɗaya kafin lissafin ya buɗe. Daidaiton ƙarfi shi kaɗai ba ya isa a kebul. Dole ka san ko lotsawa a wuri guda, ko tsawon kebul ɗin gaba ɗaya.

Ƙa'idar tana aiki ko da bakunan ba su daidaita a tsayi ba, muddin daga layin da ya haɗa su kake auna lotsawa. A gadarmu, idan hasumiya ɗaya ta fi ɗaya tsayi da mita 4, H yana nan 500, sai dai V na mai tsayin ya ƙaru da H × 4 ÷ 80 = 25 ya zama 225, na gajeriyar ya ragu zuwa 175. Mafi girman ja ya koma kan doguwar, 548.

Tsawon kebul

Ga farabola mai matsakaiciyar lotsawa:

S = L + 8f² ÷ 3L

S = 80 + 512 ÷ 240 = mita 82.13. Idan kana son ƙarin daidaito, akwai ɗan gyara da ke rage kusan santimita 5, ya zama 82.08. Wannan tsawon kebul ne a miƙe ƙarƙashin kaya. Wanda za a yanka a masana'anta ya fi shi gajarta da gwargwadon miƙewar da nauyin dindindin zai jawo.

Abin lura shi ne rarar mita biyu da 'yan kai ce ta haifar da lotsawar mita takwas. Hakan na nufin ƙaramin kuskure a tsawo babba ne a lotsawa. Alaƙar ita ce: ƙarin lotsawa = (3L ÷ 16f) × ƙarin tsawo. A nan 3 × 80 ÷ 128 = 1.875. Kowace santimita da kebul ya ƙaru, tsakiyar gada ta sauka kusan santimita biyu. Riƙe wannan adadi, za mu yi ta komawa gare shi.

Bayan hasumiya: igiyar baya da turke

Kebul ba ya ƙarewa a kan hasumiya. Yana haye wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake kira sirdi, ya gangara ta baya zuwa turke. Manufar ita ce hasumiya ta ji danniya daga sama kawai, kada a ja ta gefe. Hakan zai samu ne idan jan kwance na baya ya yi daidai da na gaba, 500. Idan igiyar baya ta gangara da kusurwar digiri 30, janta 500 ÷ cos 30° = 577. Ka ga ya fi 539 da muka samu a gaba. Mutane da yawa suna tsayawa a 539 su zaɓi kebul, alhali wurin da ya fi shan ja yana bayan hasumiya. Duk lokacin da igiyar baya ta fi ta gaba tsayuwa, ita ce mai hukunci.

Danniyar da ke kan hasumiya daga kebul ɗaya ita ce 200 na gaba, a tara da 500 × tan 30° = 289 na baya, jimilla 489. Ta ninka rabon nauyin gada fiye da sau biyu.

Turke kuma ana jansa gaba da kN 500, ana ɗaga shi sama da 289. Idan dunƙulen kankare ne da nauyinsa kaɗai zai riƙe, sai ka cire ɗagawar daga nauyinsa W, abin da ya rage ka ninka da ma'aunin gogayya tsakanin kankare da ƙasa. Mu ɗauki 0.5 don misali, da rarar kariya 1.5 kan zamewa: (W − 289) × 0.5 = 1.5 × 500, wanda ya ba da W kusan 1,790. Kankare yana da nauyin kN 24 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, don haka ana bukatar kusan kubik 75, tan 180 da ɗoriya, ga bakin kebul ɗaya, kuma bakuna huɗu ne. Tokarar ƙasar da ke gaban turke tana rage wannan, dutse mai kyau yana rage shi sosai, amma adadin gogayya da na tokara daga gwajin ƙasar wurin ake samo su, kuma sai an duba halin da za ta shiga idan ta jiƙe sharkaf, domin ruwa yana rage nauyin turken da ya nutse a cikinsa.

Zaɓen kebul

Ɗauki mafi girman ja, 577, ka ninka da rarar kariya. A ƙananan gadoji sau uku abu ne da aka saba, sai dai ƙa'idar ginin da kake bi ita ce za ta yanke. 577 × 3 = 1,731. Wannan ne mafi ƙarancin ƙarfin tsinkewa da za ka nema a teburin masana'anta. Wayar gada mai rufin tutiya tana da ƙarfin da ya kai nyutan 1,570 zuwa 1,770 a kan kowace murabba'in milimita; ta Akashi Kaikyo an ƙera ta musamman ta kai 1,800. Da 1,570, ana bukatar ƙarfe mai faɗin fuska kusan murabba'in milimita 1,100. Mu ɗauki 1,200, domin murɗa wayoyi yana cin wani abu daga ƙarfinsu. Fuskar ƙarfe zalla ake nufi, ban da giɓin da ke tsakanin wayoyi, don haka kada ka lissafa ta daga kaurin kebul na waje.

Nau'in kebul yana da tasiri a kan miƙewa. Wayoyin da aka jera a miƙe kafaɗa da kafaɗa, irin na manyan gadoji, ma'aunin taurinsu E yana kusa da na ƙarfen kansa, wajen nyutan 200,000 a kan kowace murabba'in milimita. Kowane kebul na gadar Golden Gate ta 1937 wayoyi 27,572 ne aka jera haka, kaurinsa kusan santimita 92. Murɗaɗɗen kebul kuwa E ɗinsa yana sauka wajen 160,000, igiyar ƙarfe mai murɗi biyu ta fi haka ƙasa. Sabon murɗaɗɗen kebul yana kuma da wata miƙewa ta farko da ba ta komawa, lokacin da wayoyi ke zama a jikin juna. Shi ya sa ake neman wanda aka riga aka ja a masana'anta kafin a auna a yanka.

Miƙewa, da dalilin maimaita lissafi

Mu ce an saita gadar ta lotsa mita 8 daidai ƙarƙashin nauyin dindindin, inda H = 200. Mutane suka cika ta, H ya nufi 500, ƙarin 300. Idan A ita ce faɗin fuskar ƙarfen da muka zaɓa, 1,200, miƙewar ita ce:

ƙarin tsawo = (ƙarin H × L ÷ EA) × (1 + 16f² ÷ 3L²)

Da nyutan da milimita: 300,000 × 80,000 ÷ (160,000 × 1,200) = 125, sau 1.053, milimita 132. Ninka da 1.875, lotsawa ta ƙaru da kusan santimita 25, ta zama mita 8.25. Amma da lotsawa ta ƙaru, H ya ragu: 32,000 ÷ (8 × 8.25) = 485. Ƙarin ja ya koma 285 maimakon 300, miƙewa ta ragu zuwa milimita 125, lotsawa ta tsaya a kusan 8.24, H a 486. Zagaye biyu ko uku sun isa adadin ya daina motsi. Kebul yana sassauta wa kansa ta hanyar lotsawa, kuma wannan ne manhajojin kwamfuta ke yi idan ka kunna musu lissafin manyan sauye-sauyen siffa. Idan ba ka kunna ba, amsar da za su ba ka a kan kebul ba abin dogaro ba ce.

Igiyoyin baya su ma suna miƙewa, kan hasumiya ya ɗan sunkuyo ciki, kuma kowace santimita da tazara ta ragu tana ƙara kusan santimita 1.8 a lotsawa. Zafi ma haka: ƙarfe yana ƙaruwa da kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, don haka ƙarin digiri 30 zai tsawaita kebul ɗin da santimita 3, tsakiya ta sauka da kusan biyar da rabi. Sanyi yana yin akasin haka, ya rage lotsawa ya ƙara ja.

Nauyi a rabi guda

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi nuna halin gada. Cikakken cunkoso shi ke ba da mafi girman ja, amma ba shi ke ba da mafi girman motsi ba. Ka ɗauka mutane sun cika rabin hagu, rabin dama babu kowa.

Koma ga ƙa'idar bim. Matokarin hagu yana ɗaukar 80 na dindindin da 90 na mutane, 170. Na dama 80 da 30, 110. M a rubu'in hagu, mita 20, ya zama 2,400. A tsakiya 2,800. A rubu'in dama 1,800. Saura H. Tunda tsawon kebul bai sauya ba, in ka ajiye miƙewa gefe, rarar tsawonsa a kan tazara tana nan 2.133. Wannan rara daidai take da jimillar V² a tsawon tazara, a raba da 2H². A rabin hagu V yana sauka daga 170 zuwa −30, jimillar V² ɗinsa (170³ + 30³) ÷ 15 = 329,333, inda 15 take w na wannan rabi sau uku. A rabin dama daga −30 zuwa −110, (110³ − 30³) ÷ 6 = 217,333. Haɗa su, 546,666, raba da 2 × 2.133, ka ɗauki tushensa: H = 358.

Yanzu raba kowane M da 358. Rubu'in hagu ya lotsa mita 6.70, alhali a da 6.00 ne: ya sauka santimita 70. Rubu'in dama ya koma 5.03: ya tashi sama santimita 97. Tsakiya ma ta ɗaga da santimita 18. Kwatanta da santimita 24 da cikakken cunkoso ya jawo. Rabin mutanen sun motsa gadar ninki huɗu, kuma ba tare da ƙarfe ya miƙe ko milimita ɗaya ba. Kebul ne kawai ya zame zuwa sabuwar siffa.

Magani iri uku ne. Na farko ƙara nauyin dindindin, domin kebul da ya riga ya sha ja ba ya saurin sauya siffa. Wannan ne ya sa manya-manyan gadoji, da nauyin jikinsu ya ninka na motoci sau da yawa, suke da natsuwa. Na biyu sanya bim ko saƙar ƙarafa mai tauri a ƙarƙashin shimfiɗa, ta raba nauyin wuri ɗaya ga igiyoyin rataya masu yawa. Na uku ƙara igiyoyi na daban: masu saukowa a karkace daga hasumiya, kamar yadda John Roebling ya tsara wa gadar Brooklyn da aka buɗe a 1883, ko masu ja daga ƙasa da gefe. A gadar ƙafa mara nauyi, ɗaure tsakiyar kebul da shimfiɗa yadda ba zai zame gaba ko baya ba yana rage wannan motsi sosai, da ɗan ƙaramin aiki.

Iska

Duk abin da muka yi zuwa nan lissafin abu ne a tsaye cik. Iska tana kawo matsala iri biyu: turawa ta gefe, wadda ake lissafawa kamar kowane nauyi a tare ta da igiyoyin gefe, da kuma kaɗawa. Gadar Tacoma Narrows a Amurka, mai tazarar mita 853, an buɗe ta a Yulin 1940, ta ruguje ranar 7 ga Nuwamba na shekarar, a iskar da ba ta kai kilomita 70 a awa ba. Manyan kebul ɗinta ba su tsinke ba. Shimfiɗar ce siririya, faɗinta kusan mita 12, bim ɗin gefenta mai zurfin mita 2.4 kacal kuma toshe yake ba ya barin iska ta wuce. Ta fara murɗawa, kowane murɗi yana ba iska damar ƙara mata wani, har igiyoyin rataya suka tsintsinke. Tun daga lokacin ake gwada samfurin manyan gadoji a ramin iska kafin a gina su. A ƙaramar gada, abin da za ka iya shi ne ka bar makarin gefe a buɗe iska na ratsawa, ka sa igiyoyin gefe, ka kuma tabbatar saurin kaɗawar gadar bai faɗa kusa da takun mutane ba, wanda yake wajen taku biyu a daƙiƙa sama da ƙasa, ɗaya kuma ta gefe. Gadar Millennium ta Landan an rufe ta kwana biyu bayan buɗe ta a 2000 saboda lilon gefe da takun jama'a ya tayar. Gadar da rayuka za su hau, wannan lissafi na hannu share fage ne da kuma ma'aunin duba amsar kwamfuta. Tsarin ƙarshe sai injiniya mai lasisi ya bi shi ya sa hannu.

Tabbatarwa a wurin aiki

Bayan an rataya, lotsawa ce ma'aunin janka. Auna ta da na'urar awon daidaito da sassafe, kafin rana ta dumama ƙarfe, ka rubuta zafin lokacin. Tunda ka san w da L, f zai ba ka H kai tsaye. Ka tuna kebul tsirara, kafin a ɗora shimfiɗa, dole ya tsaya sama da inda zai ƙare, da gwargwadon abin da lissafin miƙewa ya nuna, kuma a ɗora shimfiɗar daga tsakiya zuwa gefe biyu a tare, ko daga bakuna biyu a tare, don kada a jawo irin karkatar rabi guda tun wajen gini.

Ga miƙaƙƙun igiyoyi kamar na baya da dogayen na rataya, ana gane ja daga kaɗawarsu. Yawan kaɗawa a daƙiƙa daidai yake da (1 ÷ 2ℓ) × √(T ÷ m), inda ℓ tsawon igiyar ne, m kuma nauyinta da kilo a kowace mita, T da nyutan. Ka girgiza ta, ka ƙirga kaɗawa da agogo ko na'ura, ka juya lissafin ka fitar da T. Igiyoyi biyu masu tsawo ɗaya da suka bambanta a kaɗawa, ɗaya tana ɗaukar kayan 'yar'uwarta.

Sannan ka dubi wuraren da lissafi ba ya gani. Kebul ba kasafai yake mutuwa a tsakiyar tazara ba. Yana mutuwa ne a bakin turke inda ruwa ke kwanciya, a kan sirdi inda yake lanƙwasa yana goga, da ƙarƙashin maɗaurai. Sirdi mai matsattsen lanƙwasa yana ƙara wa wayoyin waje ja, don haka bi mafi ƙarancin faɗin da masana'anta ta ƙayyade. Idan da maɗaurai masu siffar U ake kama bakin igiya, kujerar maɗaurin tana zama a kan ɓangaren da ke ɗauke da kaya, lanƙwasar U kuma a kan guntun wutsiya, a sake ɗaure su bayan igiyar ta fara ɗaukar nauyi domin tana ɗan sirancewa. Tsatsa kuma daga ciki take ci. A gadar Forth ta motoci a Sikotilan, wadda aka buɗe a 1964, sai da aka buɗe cikin kebul a 2004 aka tarar da wayoyi sun yi tsatsa wasu sun tsinke, daga baya aka sa na'urorin hura busasshiyar iska a cikinsa. Ka ajiye awon lotsawar ranar farko tare da zafin ranar, ka riƙa maimaita shi duk shekara a irin wannan yanayi. Idan lotsawa ta ƙaru ba tare da ƙarin nauyi ko zafi ba, raba ƙarin da 1.875 ka san tsawon da ya shigo, sannan ka je ka nemo shi a maɗaurai, a sirdi, ko a turken da ya fara matsowa.